Fartanyoyin Baba Gershon

Baba Gershon ƙanen mahaifina ne, maƙeri a bayan tashar jirgin Kafanchan. Tun ina yarinya matan Kagoro ke hawo mota su zo sayen fartanyarsa. Bara aka kai hari ƙauyenmu, aka kashe ɗansa Ishmael a gonar citta. Ni ma ina ƙauyen ranar da maharan suka zo a kan babura, har yanzu ƙarar babur tana tsinka mini zuciya. Bayan jana'iza Baba ya daina zuwa coci. Aikin ƙira kaɗai ke tashinsa daga gado.

Da damina ta kusa, Mama Serah, shugabar zumuntar matan coci, ta dawo da fartanyoyin da ya ƙera musu, bakinsu duk ya lanƙwashe.

"Gershon, wannan cokali ne ko fartanya? Ba ma son zuwa kasuwa mu bar ka, amma ruwa ba ya jira."

Da ta tafi ya ce mini, "Hannuna ya mutu tare da yaron. Gobe zan rufe."

Na san in ya rufe, kwanciya zai yi ba tashi. Ilimin ƙarafa na karanta a jami'a, sai na ɗauki magagari na goga bakin fartanya ɗaya. Magagarin ya ci saman kamar sabulu. Na ci gaba, sai magagarin ya fara zamewa. Cikin da ƙarfinsa.

"Baba, da wane ƙarfe ka yi?"

"Sifirin tirela. Na tsofaffin akori-kura ya ƙare a wurin 'yan gwangwan."

Na gaya masa abin da nake zato. Sinadarin kabon ne ke sa ƙarfe tauri, in ya daɗe a wuta iska tana janye shi daga saman. Ƙarfen da ke da kuromiyom, irin na da, yakan riƙe nasa. Mai silikon da yawa, irin na tirela, saurin sakinsa yake.

"To, Injiniya, laifin tirela ne ke nan?"

"Rabi, Baba."

Ban so faɗar sauran ba. Na sha ganinsa ya sa ƙarfe a garwashi, ya zuba wa ƙofa ido, hankalinsa ya tafi, har ƙarfen ya yi fari.

Shi ya faɗa da kansa. "Ina tafiya, ko?"

"Kana tafiya, Baba."

Na je na roƙi Mama Serah, ta yarda ta jira zuwa Lahadi. Yanzu ni ke jan zugazugi, in ƙarfe ya yi ja in kira shi. Wani lokaci sai na taɓa kafaɗarsa kafin ya juyo. Fartanyoyin da muka yi jiya ba su lanƙwashe ba, har ya nemi tuwon acca.

Sunana ya fito a bautar ƙasa, Talata zan tafi. Na zagaya layinmu gida-gida ina neman wanda zai zauna masa a bakin wuta. Kowa yana gona.