Malam Namadi Mai Gyaran Manazarta

Malam Namadi ya fara buga takardu a Tambuwal tun zamanin tafireta, lokacin da kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake shafi gaba ɗaya. Karatunsa bai wuce sakandare ba. Da kwamfuta ta zo sai ya koya, ya kama shago kusa da tasha, ya sa benci guda da ƙaramin janareta. Yanzu ya haura hamsin da biyar, bayansa ya ranƙwafa, idonsa na hagu kuma yana ruwa in ya daɗe a gaban kwamfuta.

Sana'ar da aka san shi da ita ita ce gyaran manazarta, wato jerin littattafai da maƙalun da marubuci ya dogara da su, wanda ake sawa a ƙarshen aiki. Malamai da ɗaliban jami'a kan aika maƙala ga mujallar ilimi, a dawo musu da ita saboda jerin bai bi tsari ba, sai su kawo wa Namadi. Ya san mujallar da ke son shekara cikin baka bayan sunan marubuci, da wadda ke son ta can ƙarshe. Ya san inda waƙafi ke zama da inda aya ke zama, da sunan da ake kwantar da haruffansa. Ba wanda ya koya masa. Daga takardun da aka yi ta dawowa da su ya haddace. Ba ya jin daɗin aikin, ba ya kuma ɓoyewa. Yakan ce ya shekara ashirin yana jera sunayen mutanen da bai san abin da suka rubuta ba.

Da daminar bara Malama Mu'minatu ta shigo shagonsa. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce a Kebbe, tana karatun digiri na biyu, kuma ba za a sallame ta ba sai ta buga maƙala ɗaya a mujalla. Ta yi rubutu a kan yadda makiyayan Fakku ke gane ciwon hanta a jikin saniya tun kafin ya kwantar da ita. Edita ya yaba aikin, amma ya ce a mai da manazartan tsarin lambobi. Guda arba'in da ɗaya ne. Namadi ya kwana uku a kansu, domin duk inda lamba ɗaya ta gusa sai na bayanta su gusa.

Bayan sati biyar maƙalar ta sake dawowa. Wannan karon matsalar lamba ta arba'in da ɗaya ce, inda Mu'minatu ta sa wani tsohon makiyayi mai suna Na'iya. Rabin abin da ke cikin maƙalar daga bakinsa ta ji shi. Edita ya ce hirar baka ba ta shiga jerin manazarta, tun da mai karatu ba zai iya nemo ta ba. A cire shi, a ambace shi cikin rubutun kawai, da cikakken sunansa da ranar da aka yi hirar.

Mu'minatu ba ta san sunan mahaifinsa ba. Ranar kuwa tana cikin littafin da ya jiƙe ya lalace ran da babur ya kayar da ita a wani rafi. Ta zauna a benci ta ce, “Malam, ka sa kowace rana cikin watan bakwai. Wa za shi je shi bincika?”

“Ba kowa,” in ji Namadi. “Amma ni ban taɓa buga ranar da ban gani ba, Malama. Ban kuwa farawa bisa tsoho wanga.”

Ba ta yi gardama ba, sai ta ce ta gaji, shekararta huɗu tana wannan karatun. Ya ga shi ya ɗora mata nauyi, don haka ya ce zai raka ta su nemi tsohon.

Ran Asabar ya rufe shago ya tafi Kebbe. Daga nan mijinta ya goya ta a babur ɗinsa, Namadi kuma ya hau kabu-kabu. Hanyar Fakku duk taɓo ce, sau biyu suna sauka su tura. Da suka isa inda rugar su Na'iya take ba kowa, sai turaku da busasshen kashin shanu, gero ya kewaye wurin. Namadi ya zauna a kan wani kututture yana matsa ƙugunsa.

Wata dattijuwa mai suna Rauda, wadda gidanta ke gefen gonar, ta fito ta gane Mu'minatu. Ta ce su Na'iya sun yi kudu da shanu tun wata biyu, ba shi da waya, sai bayan girbi ake sa ran dawowarsu. Sunan mahaifinsa Gazali, kowa ya sani. Da aka tambaye ta ranar, sai ta yi dariya. Ta ce ai ranar sunan jikarta ne, domin Na'iya bai iso ba sai da aka raba goro, ya ce Likita, wato Mu'minatu, ce ta tsare shi da tambaya. Ta shiga ta ɗauko katin rigakafin yarinyar. Namadi ya nisanta katin daga idonsa har ya iya karanta ranar haihuwa, ya ƙara kwana bakwai, ya rubuta a bayan hannunsa da biro.

Ya kwana biyu yana jinyar baya kafin ya koma shago. Ya cire lamba ta arba'in da ɗaya, ya rubuta cikin shafi na shida: Na'iya Gazali, hira, Fakku, da ranar. Ya sake bin sauran arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan aka aika.

Maƙalar ta fito bayan wata bakwai. Mu'minatu ta kawo masa kwafi da kanta, da ƙwaryar fura. Ya buɗe shafi na shida ya ga mujallar ta taƙaita sunan yadda tsarinta ya tanada, ya koma N. Gazali. Ya ce a Fakku ba wanda zai san ko wane ne wannan. Ta ce ta lura, amma makiyayan sun dawo, ta je ta karanta wa tsohon wurin, ta faɗi sunansa cikakke. Na'iya ya saurara, ya ce akwai alama guda da ta manta, ta kumburin ƙasan haɓa, ta ƙara a ciki. Ta gaya masa abin da aka buga ba ya ƙaruwa.

Namadi ya mayar mata da mujallar, ya yi mata murna. A bakin ƙofa wani malamin firamare yana jira da maƙala mai manazarta sittin da takwas, an dawo masa da ita karo na biyu. Namadi ya karɓa ya duba shafin farko, ya goge idonsa da gefen riga, ya ce masa ya dawo ran Litinin. Ya kashe janareta tun kafin la'asar, ya ɗauki furarsa ya nufi gida.