Ƙarfen da Baba Ya Binne a Gona

Assalamu alaikum. Fiye da shekara guda ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, na ga saƙonninku, amsar ce ta yi tsawo. Ga ta yau.

Ni 'yar sikila ce, wannan ba sabon labari ba ne. Ciwon ya cinye kan ƙashin kwatangwalona na hagu, aka cire shi aka sa mini na ƙarfe a wani asibitin kuɗi. Filin maigidana ne ya tafi a aikin. Aka ce ƙarfen zai kai ni tsufa.

Shekara uku na samu. Na koma ofis, ina hawa bene, ina sallah a tsaye.

Sai ƙara ta fara. In na yi ruku'u sai in ji ƙiii, kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Abokan aiki suna tsokanata wai tun daga matakala suke jin zuwana, ni ma ina taya su dariya. Daga baya cinyar ta kumbura, ƙafar ta gajarce, na koma sallah a kan kujera.

Na koma inda aka yi aikin sau huɗu. Kullum magana ɗaya, wai sikila ce. Mai sikila ko ƙaya ya taka, sikila za a ce.

Wani likitan ƙashi ne daban ya sa aka ɗauki hoto, aka gwada jini, ya zuƙo ruwa daga wurin da allura. Ruwan baƙi ne. Ya ce, "Hajiya, ba ƙashinki ne ya gaza ba. Ƙarfen ne yake cin kansa, yana zuba a namanki."

Tiyata ta biyu ta ci awa shida da leda huɗu ta jini. Kwana uku ban san inda nake ba.

A cikin kwanakin nan ne nas ta fito da tsohon ƙarfen a cikin roba, ta miƙa wa wanda ta tarar a bakin ƙofa. Mahaifina ta tarar. Baba malamin allo ne a Abakpa, ya haura saba'in. 'Ya'ya biyu ya binne saboda sikila, ni kaɗai na rage masa.

Wata biyar ina gashin ƙashi. Daga keken guragu zuwa sanda biyu, daga biyu zuwa ɗaya. A nan likita ya gaya mini ba ni kaɗai ba ce, akwai wasu da aka sa wa irin ƙarfen, sun haɗu sun kai kamfanin ƙara. Ya haɗa ni da lauyarsu.

Barista ta ce abu ɗaya take buƙata, lambar ƙarfen. Muka je asibitin farko, aka ce ba a ga fayil ɗina ba. Ta ce ba komai, lambar tana jikin ƙarfen. Ina yake?

Na kira Baba. Ya ce ya binne.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ya ce da ya buɗe robar ya ga nama da ɓarɓashin ƙashi manne a jiki, kuma abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ba a jefa shi a bola. Na ce in ba a samu lambar ba, kamfanin ma sikila zai ce, a cire sunana daga ƙarar, kuma akwai mutane har yanzu suna yawo da irinsa a jikinsu. Na roƙe shi a tono. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kashe waya.

Sati biyu ba mu yi magana ba.

Ranar wata Asabar da safe sai ga shi a gidanmu a Unguwar Sarki da fartanya a cikin buhu. Ya ce wa maigidana ya ɗauko mota. Muka je gonarsa a Rigachikun, gindin wani mangwaro. Bai bari kowa ya taɓa fartanyar ba. Ina zaune a mota, ƙofa a buɗe, ina kallonsa yana tono yana hutawa.

Ya fito da shi a naɗe cikin farin ƙyalle da ƙasa ta rina. Lambar tana nan, ana karantawa.

A hanyar dawowa na tambaye shi inda ya samu ƙyallen. Ya ce, "Uwata, da kika kwana biyu ba ki farka ba, na je na sayo yadi. Da kika farka na yanki wannan, sauran na bayar."



Shari'a tana nan ana yi. Barista ta ce kamfanin zai ce ƙasa ce ta lalata ƙarfen. Ban san ko za mu ci ba. Ina tafiya babu sanda, jiya na yi sujada a ƙasa.

Duk wanda za a sa wa ƙarfe, ya nemi sunan kamfani da lamba a rubuce, ya ɗauki hotonsu a waya. In ƙara ko kumburi ya fara, a nemi wani likita ya duba. In an cire, a gaya wa masu jinya tun kafin a shiga tiyata cewa ajiyewa za a yi. Ni ban gaya wa kowa ba, laifin nawa ne.

Na gode wa Allah, da likitan da ya saurare ni, da maigidana, da waɗanda suka ba da jini ban san fuskarsu ba.

Ranar da muka kai wa Barista ƙarfen, Baba da kansa ya ajiye mata a tebur. Ya tambaya ko kotu za ta riƙe shi har abada, ta ce a'a.

Ya ce, "To, in kun gama ku dawo mini da shi. Ban rufe ramin ba."