Allon da Mama Fitila Ta Haɗa

Malamar kimiyya ta aji biyu, wadda ɗalibai ke kira Mama Fitila a bayan idonta, ta shekara ashirin da shida tana shaƙar ƙurar alli kafin likita ya ce ƙirjinta ya gaji. Makarantar na da allon zamani guda ɗaya, irin wanda ake taɓawa da yatsa, amma yana kulle a ɗakin baƙi, an lulluɓe shi kamar mai zazzaɓi.

Ba ta roƙi kowa ba, don ba halinta ba ne. Ta zaƙulo tsohon majigi a sito, ta ɗaure 'yar kyamarar wasan yara a kan kabad, ta cusa ƙaramar fitila cikin ƙwanson wani alƙalamin maka da ya bushe. Manhajar da ke haɗa su a kwamfutarta kuwa ta kyauta ce, 'yarta da ke aure can nesa ta koya mata saukewa ta waya. Farin bango ya zama allo. Kowace safiya sai ta taɓa kusurwoyinsa huɗu da alƙalamin, in ba haka ba ka ja layi a nan, ya fito can. Duk wanda ya ture kabad ɗin, ranar sai ya raina kansa.

Shekara bakwai tana zana zuciya da huhu a bangon nan tana adanawa. Tun da maigidanta ya rasu, gida ya yi mata faɗi, sai ta zauna a aji har masu shara su tashi.

Da ritaya ta ƙarato, abu ɗaya ya hana ta sakat: duk makarantar ba wanda ya iya kunna abin. Ta liƙa sanarwa a ofishin malamai, Alhamis bayan tashi za ta koyar. Ta jera kujeru tara. Mataimakin shugaba ne kaɗai ya leƙo, jakarsa a kafaɗa.

"Wayyo Mama, yau ne ashe? Wallahi kowa ya watse. A yi haƙuri, wani satin."

Ya fi kowa sanin ba wani satin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta danna wajen ɗaukar murya da hoto, ta yi wa kujerun darasi tiryan-tiryan, har da inda ake tsayawa kada inuwa ta rufe rubutu. Ta sa wa fayil ɗin suna "Ga wanda ya gaje ni", ta bar shi a tsakiyar fuskar kwamfuta.

Bayan ta yi ritaya, sati biyu da komawar ɗalibai makaranta, mai kula da sito ya yi mata sallama a gida, rungume da kwali.

"Mama, kin manta kayanki. An ce a kawo miki, za a yi wa ajin fenti."

Ta leƙa ciki: kwamfutar, kyamarar, alƙalamin.

"An kunna ta kuwa?"

"Haba Mama, wa zai taɓa miki kaya?"