Addu'ar Wata Tsohuwa a Bayan Michika

Mun tashi a mota daga Sabon Layi a Mubi da asuba, ni da dattijon ikilisiyarmu da wata 'yar zumuntar mata, muka nufi wani ƙauye a bayan Michika inda aka gayyace ni wa'azi. Na daɗe ina aikin fasto, wa'azin ma na sha yin sa, ko'ina kuwa yabo nake samu.

Muna wuce Vimtim gari ya waye. Dawa ta fi mutum tsayi, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu, har ka rasa inda dutse ya ƙare. A shingen sojoji muka sauka muka taka da ƙafa. Gasasshiyar masara ta yi tsada, dattijo ya yi ta ciniki kamar gonar zai saya, ƙarshe ya ɗauki ɗaya muka raba uku. Da muka iso wani mayo, wato kogi, da gadarsa ta karye, direba ya ce kowa ya yi addu'a, ya kutsa cikin ruwa. Ni baki kawai na motsa. Tun da muka dawo daga gudun hijira hankalina na kan kwanon rufin majami'armu da benci da taron kwamiti. In na durƙusa ni kaɗai, ba abin da ke fitowa.

Majami'ar ƙauyen ba rufi, bangon ya yi baƙi da wuta. Mutane na zaune a kan duwatsu suna waƙa da yaren Kamwe a hankali, tsuntsaye na giftawa ta samanmu, na ji kamar a mafarki nake. Kafin a fara sujada wata tsohuwa ta kama rigata. Ta ce mijinta ya gudu kan dutse ranar da aka kawo wa ƙauyen hari, har yau bai dawo ba. Ta ce in yi mata addu'a. Na yi, doguwa mai tsari. Na ce amin, ba ta saki rigar ba.

"Fasto, maganan ka yana da kyau," in ji ta. "Amma da wa kake magana? Kaman ba kowa a wajen."

Dattijo zai tsawata mata, na hana shi. Na ce, "Mama, gaskiya kika faɗa." Ta jawo ni ƙasa, ta ɗora hannu a kaina, ta yi addu'a da yarenta. Sunan Yesu kaɗai na gane. Hawaye suka ƙwace mini.

Da aka ba ni fili, na gaya wa jama'a halin da nake ciki, na roƙe su su riƙa sa ni a addu'a. Ba wanda ya yi mamaki. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa, tsohuwar ta zauna kusa tana ƙara mini miya.

Mun iso Mubi da la'asar sakaliya. Abin da na koya shi ne, mutum zai yi shekaru yana wa'azi alhali cikinsa ya bushe, jama'a na tafa masa, shi ma ya saba. Matata ta ce yaya hanya. Na ce ta zauna tukuna, akwai abin da na daɗe ina ɓoye mata.