Ƙyallen Jam'iyya a Wuyan Rabi

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da Rabi ta sauka daga motar haya ta trotro a unguwar Nima da ƙyallen jam'iyyar adawa a wuyanta ba. Ku sababbin malamai ku saurara, don laifin nawa ne.

Kwalejinmu ƙarama ce a bayan Accra, irin wadda ɗalibi ke ɗanɗana tarihi da falsafa da siyasa kafin ya zaɓi fanninsa. Ni nake da ajin tunanin siyasa, kuma ina da ƙa'ida: kowane ɗalibi zai tsaya minti goma ya kare ra'ayin da ya fi ƙi, har sai masu ra'ayin sun yarda haka su ma za su faɗa. A shekarar zaɓe sai na ƙara gishiri, na sayo ƙyallayen wuya na manyan jam'iyyu biyu, mai magana ya rataya na ɓangaren da yake karewa. Ni ɗan Maamobi ne, na san a unguwarmu launi ba ado ba ne, mubaya'a ce. Duk da haka na yi.

Rabi 'yar Alhaji Isaka ce, shugaban jam'iyya na mazaɓarsu. Ta kare abokan hamayyar babanta har aji ya yi mata tafi, ta fito da murna, ta manta da ƙyallen. Kafin ta kai gida, mazan bes, wato majalisar da suke zama shan ataya, sun ɗauki hotonta sun watsa.

Washegari shugabar tsangayarmu ta kira ni ofis. Ta ce, "Malam Sani, mahaifinta ya bugo waya, ya ce ya cire ta daga makaranta. Ka soke wannan darasi kowa ya huta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙyalle zan soke, darasi yana nan. Ki ba ni zuwa Litinin."

Ranar Asabar bayan la'asar na sami Alhaji Isaka a bes ɗinsu. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Malam, kai ne ka juya yarinya na? Chale, abokina, ni ciyaman ne fa. Yanzu ko'ina ana cewa gidana ya tsage."

Na ce, "Alhaji, ƙyallen kuskurena ne, a gafarce ni. Amma kafin ka yanke hukunci, ka ji abin da ta faɗa, ba abin da ta rataya ba."

Ya aika aka kira Rabi. Ta tsaya gaban dattawa shida. Ta yi maganar kwatar unguwa da ke ambaliya duk damina, da samarin da ke ɗaukar kaya a Kasuwar Malam Atta da takardun makaranta a aljihu, da dalilin da ya sa mutum mai hankali zai zaɓi ɗaya ɓangaren. Babu zagi ko ɗaya. Ni kam alfahari ya cika ni, ban ɓoye ba.

Da ta gama, Alhaji ya ajiye kofin atayarsa. Sannan ya ce, "Wannan maganar ƙanina Yakubu ne. Shekara takwas yana so ya gaya mini, ni kuma da ya buɗe baki sai in tashi." Ya dubi 'yarsa. "To ke wa za ki zaɓa?"

Ta ce, "Baba, ban gama sauraro ba."

Wani dattijo ya fara faɗa, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Ranar Litinin Rabi na zaune a kujerarta ta gaba. Alhaji bai canja jam'iyya ba, kuma ban je don ya canja ba. Amma ta gaya mini ranar Lahadi ya taka har unguwar Kawukudi gidan Yakubu, suka yi gardama awa biyu, suka ci tuwo a kwano ɗaya.

Ƙyallayen suna cikin durowata har yau. Abin da na koya shi ne, aikinmu ba juya ɗalibi ba ne, koya masa zama ne har mai magana ya kai aya. Kuma duk abin da kuka ba shi a aji, ku tuna da shi zai koma unguwa, inda ubansa ke da suna.