Ranar da na yi wa Ubangiji tsawa

Na yi shekaru ban buɗe baki kan wannan ba. Hotunan ankon Kirsimeti da kuka cika mana waya da su ne suka tunzura ni.

Lokacin naira na sabuwa, ni tela ce a Sabon Gari, ina zaune a Samaru da mijina. Tari ya kama ni, na ce mura ce. Wata biyu, zanina ya daina zama a ƙugu. Ran nan na tofa jini a kan yadin wata mata.

A asibiti suka karɓi majina, suka ɗau hoton ƙirji. Likita ya ce, "Tibi ce, tarin fuka. Allura kullum har wata uku, in kin tsallake kin kashe kanki." Keken ɗinkina muka sayar. Na ji tsoro ƙwarai, ina 'yar shekara ashirin da shida.

To, ku ji 'yan cocinmu. Matan da muke waƙa tare suka turo aka kwashe musu atamfofinsu, ko sannu babu. A Jibin Ubangiji ƙoƙo ɗaya muke sha duka. Dattijon coci ya tare ni a ƙofa, ya ce, "'Yata, ki dakata tukuna." Ban ga laifinsa kan ƙoƙon ba. Amma ko ɗayansu bai tako gidana ba! Na jefa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin gado, na ce ni da Allah mun rabu.

Mutum ɗaya ce ta nace: Mama Rifkatu, tsohuwar da ke share coci. Kowace safiya sai ta zo ta raka ni wurin allura. Ni kuwa zaginta nake.

Safiyar Kirsimeti ta shigo da shinkafa, ta sa hannu muna ci. Na ture kwanon, na ce, "Mama, ki tattara Yesunki ki ba ni wuri!"

Ta ce, "Ni 'yar aike ce. In faɗa za ki yi, ki yi da shi da kanki."

Na kuwa yi. Na ɗaga murya ina tari, na gaya masa ya watsar da ni, mutanensa munafukai ne, ba na son mutuwa. Sai da na gama na gane ban taɓa yin addu'a da dukan zuciyata ba sai ranar. A baya baki kawai nake motsawa.

Bayan shekara ɗaya da rabi ina shan magani, likita ya sallame ni. Na gode wa Yesu, na gode wa mijina da bai gudu ba.

In tari ya wuce mako biyu, ku je gwaji. Magani kuma a shanye shi tas. Kafin bikin nan, ku daina yi wa Allah rabi da rabi. Ko fushi ne, ku kai masa gaba ɗaya. Wanda ke ɗawainiya da ku kuma, ku gode masa yau.

Mama Rifkatu ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Kullum cewa nake sai gobe.