Sallamar da Na Yi wa Kwamfuta

Ina aji biyar a sakandare a Faskari aka kawo kwamfutoci ɗakin karatunmu. Malamin laburare ya ce a cikinsu akwai rumbun bincike, wato dubban takardun masana, ka rubuta abin da kake nema ya fito maka. Ni kuwa da baki, ranar Juma'a na koma gida Daudawa na tarar tsutsa ta shiga masarar Baba tana cin zuciyarta, sai na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, maganin na cikin rumbun makarantarmu."

Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, Allah ya taimaka."

Ran Litinin layi ya zo kaina. Malam na can yana fama da wata kwamfuta da ta ƙi kunnuwa, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ga ɗan akwati fari a fuskar kwamfutar yana jiran a rubuta abin da ake nema. To, mutum ya je roƙo wajen masana ya faɗa musu babu sallama? Ai ba haka aka rene ni ba. Na rubuta salamu alaikum, na gaishe su da aiki. Sannan na zayyana komai da Hausa: tsutsa ta cinye gonar babana, rumbunmu ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, sau ɗaya ake ɗora tukunya, don Allah a taimaka.

Babu abin da ya fito. Na tashi ina tsaki, ban san abin yana ajiye duk abin da aka rubuta ba.

Wanda ya zauna bayan na tashi ɗan wani dillalin hatsi ne, mai bakin tsiya. Ya karanta da ƙarfi, har da lanƙwasa murya. Wayyo! Ɗakin ya kece da dariya, wani ya amsa, "Wa alaikumus salam!" Malam ya tsawatar, ya goge, ya nuna mini yadda ake sa kalma biyu kacal da Turanci. Takardu suka zubo, amma wallahi idona bai ga ko harafi ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dariyar sallamar ba ta dame ni sosai ba. Sauran maganar ce ta bi yaron gida, daga can ta shiga kasuwa.

Da na koma gida da sunan maganin da Malam ya rubuta mini a hannu, Baba na zaune bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ashe dillalin ya tare shi a gaban mutane, ya ce in da buƙata a aiko a ɗauki tiya biyu.

"Mi na yi maka?" ya ce a hankali. "Uwarka ma ba ta leƙa cikin rumbuna. Kai ka buɗe ma Hwaskari duka."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa, ni kuma ina durƙushe, na rasa ta inda zan tashi.